Ranar da Na Tsallake Mai Mazarƙwaila

Har yau in na shiga taro sai na ƙirga kawuna. Ba da niyya nake yi ba, wallahi, idona ne kawai yake bin layi da kansa. A wurin ɗaurin aure in ƙirga, a masallaci in ƙirga, har a zauren majalisar jiha, inda na zauna ina wakiltar mutanenmu, kafin a buɗe zama na riga na san mu nawa ne a ciki, na kuma san wanda ya sulale. Hajiya matata, 'yar Kudan ce mai baki kamar reza, takan ce ko Aljanna aka sa ni sai na tsaya a bakin ƙofa na ce ba a cika ba. Ban taɓa yi mata musu ba. Shekara goma sha bakwai na yi ina aikin gandiroba, safe da yamma ana tsugunar da mutane biyar-biyar ana ƙirga su, in ba su cika ba babu mai tafiya gida. Abin da ya shiga jiki haka ba ya fita don ka cire kaki ka sa babbar riga.

Wannan ɗabi'ar dariya kawai take jawo mini. Akwai ta biyu da na fito da ita daga gidan yari, ita ce ta kusa yi wa wani bawan Allah ɓarna, kuma labarinta nake son bayarwa.

A satina na farko a bakin aiki wani tsohon saje ya ja ni gefe. Ya ce, "Yaro, akwai dokar da ba za ka gani a littafi ba. In ka haɗu da wanda ya taɓa zama a hannunka a waje, kasuwa ce ko tasha, kada ka gaishe shi. Ko murmushi kada ka yi. Ka bari shi ya fara. In ya gaishe ka, ka amsa da kyau. In ya kau da kai, kai ma ka kau da naka." Na ce to don me? Ya ce don kowa ya san aikinka, kana gaishe shi na kusa da shi zai tambaye shi a ina ya san gandiroba, shi ke nan ka tona masa asiri da bakinka.

Dokar ta ba ni wahala ba kaɗan ba. Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Dandamisa, gidan da in ka gaida baƙo ka manta ba ka tambayi iyalinsa ba, mahaifinmu zai sa ka bi shi har bakin hanya ka ƙarasa. Amma na riƙe ta, don na ga amfaninta. Na sha wuce mutane a kasuwa kamar ban taɓa ganinsu ba, alhali na san har irin minsharinsu.

Da na ɗan daɗe sai aka mai da ni sashen kula da walwalar ɗaurarru. Aikina rubuta musu wasiƙa, neman danginsu, da lallashin wanda ya ƙi cin abinci. A nan na san wani saurayi daga wajen Kurmin Kogi. Wata shekara da damina ta yi gardama ya kwance san noman maƙwabcinsu ya kai kasuwa, aka kama shi, aka yanke masa shekara uku. Shiru-shiru ne, yana da tabo a girarsa ta hagu. Wasiƙa huɗu na rubuta wa mutanen gidansu, ko ɗaya ba a amsa ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa duba shi. Ranar da zai fita ya ce mini ba zai iya komawa garinsu ba, ko yara sun san sunan da za su kira shi da shi. Na ce to ya nufi ƙasar rake wajenmu, lokacin sara ba a tambayar mutum daga ina yake, ƙarfinsa ake dubawa. Na raka shi har ƙofa. Ya tsaya yana juya 'yar jakarsa, ya ce, "Yallaɓai, in wata rana mun haɗu fa?" Na ce, "Ban san ka ba, sai in kai ka san ni." Ya yi godiya ya tafi, ni kuma na koma ciki don lokacin ƙirga ya yi.

Bayan wasu shekaru na ajiye kaki na koma ofishin jin daɗin jama'a a Ikara. Kai, na ji daɗin wannan aikin! Ofis ne ɗan ƙarami, amma ainihin aikin a kan benci ake yinsa, ƙarƙashin darbejiyar bakin ƙofa. Mata da miji su zo kowa ya juya wa kowa baya, abokiyar aikina, wata Kirista 'yar kudancin Kaduna mai haƙurin tsiya, ta ja matar gefe, ni in ja mijin. Ita da lallashi, ni da faɗa, don Allah ya yi ni da saurin hawa. Kafin azahar sai ka ga sun hau babur ɗaya sun tafi, matar ta riƙe rigarsa. Mun mai da yara makaranta, mun nema wa zawarawa keken ɗinki, mun sha kai tsofaffi asibiti a motar wani mai tumatir. Daga nan mutanen mazaɓarmu suka ce in zo in yi musu kansila. Na yi, muka samu kwalbati biyu da rijiyar burtsatse, ni kuma na samu sunan da ya bi ni har yau, Kansila Gandiroba. Ko jaririn da aka haifa jiya a ƙasar Makarfi ya san aikin da na yi a baya.

Da aka tsai da ni takarar majalisar jiha muka shiga yawon ƙauyuka. Wata Laraba da hantsi muka isa wani ƙauye a yankin Gubuchi. Lokacin matsar rake ne, tun daga nesa kana jin ƙarar inji da ƙamshin ruwan rake yana tafasa a kasko. Mutanen gari sun fito, an shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru a ƙofar gidan mai unguwa, wani tsoho ne da kowa ke ce wa Baba, ya kusa casa'in amma idonsa garau. Na durƙusa na gaida Baba. Na gaida liman. Na gaida na kusa da liman, muka yi ta yi har da tambayar shanu. Na ɗago zan miƙa wa na huɗu hannu, sai na ga tabo a girar hagu.

Shi ne. Ya yi ƙiba, gemunsa ya yi furfura, yana sanye da farar riga mai kyau, amma shi ne. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, hannayensa suka sauka gefe suka tsaya cak. Ni kuma ko tunani ban yi ba, muryar tsohon sajen nan kawai na ji a kaina. Ya kau da kai, to kai ma kau da naka. Na janye hannuna na miƙa wa na biyar.

Wallahi har wani daɗi na ji a raina, ina cewa ka ga mai cika alkawari bayan shekara ashirin da wani abu. Wautar da na yi ba ta faɗo mini ba. Dokar saje ta kasuwa ce da tasha, inda mutum dubu ke wucewa babu mai lura da wanda ka gaida da wanda ka bari. Ni kuwa na ɗauko ta na kawo layin dattawa takwas, gari guda yana kallo.

Nan take na ji taron ya yi sanyi. Na yi jawabina, wanda a wasu garuruwan sai an yi ta tafi, a nan sai tarin wani tsoho kawai na ji. Akwai wani kwali cike da mazarƙwaila da aka ajiye kusa da motarmu tun isowarmu. Ina cikin magana na ga mutum biyu sun ɗauke shi a hankali sun koma da shi cikin gida. A hanyar komawa shugaban jam'iyya na mazaɓar ya kama kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san wanda ka tsallake kuwa?" Na ce wa? Ya ce mai injin raken ne. Tabarmin da muka zauna a kai nasa ne, abincin da muka ci daga gidansa ya fito. Ya ce kuma shi ke riƙe da makullin rumbun ƙungiyar manoman garin, inda kowa ke ajiye masararsa da takinsa, shekara da shekaru, ko tiya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba.

Da na ji maganar makulli sai na gane girman ɓarnar da na yi. Mutumin da aka ɗaure kan sata, yau amanar gari guda tana rataye a wuyansa, kuma ni da hannuna na nuna shi. Yanzu kowa zai fara tambaya me ke tsakanin Kansila Gandiroba da mai mazarƙwaila. 'Yan hamayya kuwa ba barci suke ba, wani zai bi diddigi har ya tono. Ranar da aka tono, na san abin da zai biyo baya, za a zo a karɓi makullin nan cikin ladabi, shi kuma ya sake ɗaukar jaka, wannan karon da furfura da 'ya'ya.

Labari ya riga ni isa gida, shugabar matan garin ta yi wa Hajiya waya. Ko takalmi ban cire ba ta tare ni.

"Alhaji, me nake ji haka? Kai da ko akuya ta yi atishawa sai ka ce mata sannu, yau kai ne da ƙin ba dattijo hannu?"

Na ce, "Hajiya, bar maganar nan."

"In bar ta? Ni da na zaga gidajen garin nan ɗaya bayan ɗaya har ƙafata ta kumbura? Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba."

"To aljanu ne suka riƙe hannun?"

Na hau faɗa, don abin da na iya ke nan in an matsa mini. Na ce a gidana ma ba za a bar ni in sha ruwa ba? Ta ajiye mini kofin ruwan da ƙarfi har ya fallatsa, ta ce in sha, in na gama tana nan. Shekara talatin muna tare ban taɓa ɓoye mata komai ba, amma wannan ba nawa ba ne balle in bayar.

'Yan jam'iyya suka yi ta zuwa da dabaru. Wani ya ce in ce ban gan shi ba. Wani ya ce in ce ciwon ido nake yi, har zai samo mini tabarau in riƙa sawa. Na ce mutum mai faɗin ƙofar zaure, a cikin farar riga, da hantsi, in ce ban gan shi ba? Na kore su. Kwana biyu abinci ba ya shiga. Ƙuri'ar garin na riga na sallama ta, ba ita ce ta dame ni ba. So nake a daina tambaya, kuma hanya ɗaya na gani, in koma in ɗauki laifin a kaina, a ce girman kai ne, a zage ni a wuce wurin.

Ranar Asabar da safe na ɗauki makullin mota. Ina fitowa na tarar da Hajiya a gidan gaba, ta sha mayafi. Na ce ina zuwa? Ta ce, "Inda za ka. In za ka sake wata wautar gara in ji da kunnena, kada a ƙara mini gishiri." Muna isa ta shige cikin gidan mai unguwa wajen mata, ni kuma na yi sallama a zaure.

Baba yana kan buzunsa, liman na gefensa da wasu dattawa uku. Aka kawo mini kujera na ƙi, na zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa, wadda suka amsa a taƙaice, na ce na zo ne in ba da haƙuri kan abin da na yi ranar Laraba, kuskure ne, a yafe mini.

Baba ya ce, "Me ya sa ka yi?"

Na ce, "Baba, na yi kuskure."

"Na ji. Ba shi na tambaye ka ba. Me ya sa?"

"Ranka ya daɗe, ku ɗauka rashin tarbiyya ne."

Ya ce, "Na san mahaifinka, mun sha haɗuwa a kasuwar Makarfi. Ba a rashin tarbiyya a gidanku. Me ya sa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Sai tsohon nan ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "To bari ka ji. Mun san aikin da ka yi a baya. In kana ganin a garin nan akwai wanda bai isa ka ba shi hannu ba, mu a wurinmu ya isa, ya ma fi ƙarfin hannunka. Ka riƙe hannunka, mu riƙe ƙuri'armu." Da ina da kai da na gane inda maganar ta dosa, amma a lokacin zufa kawai nake yi.

Ana haka aka yi sallama. Mai mazarƙwaila ne, daga wurin aiki ya taho, rigarsa duk ɗanƙon rake, yana warin hayaƙi. An gaya masa motata tana ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaida dattawa, bai dube ni ba. Sai ya sa hannu a wuyan rigarsa ya ciro wata igiya mai makulli, ya ajiye a gaban Baba. Na ce a raina, inna lillahi, kada ka yi. Har na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Baba, Allah gafarta Malam, ku daina ganin laifin mutumin nan. Alkawari ya cika mini. Ni ne na ɓoye muku abu tun zuwana garin nan. Kafin in zo na taɓa satar sa, an ɗaure ni shekara uku, a hannunsa na zauna. Babu wanda ya yi mini alheri a lokacin sai shi. Kwana uku ke nan ina jin ana zaginsa saboda ni, na kasa jurewa. Ga makullinku, ku ba wanda ya dace."

Daga can bayan gari ana jiyo ƙarar inji. Ni dai na kasa ɗaga kai. Ina jin numfashinsa kusa da ni kamar wanda ya yi gudu.

Baba ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"To ɗauki makullinka ka mayar, kana sa mana datti a tabarma."

Ya ɗago yana kallon tsohon. Baba ya juya wajen liman ya ce, "Malam, wai yau yake gaya mana." Liman ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa. Ɗaya daga cikin dattawan ya fashe da dariya har da tari.

Baba ya ce, "Kai yaro, mun sani tun daminarka ta farko. Ka tuna ranar da ma'aikatan gona suka zo rabon taki, suka ce a yi layi za a ƙirga mutane? Kowa ya tsaya a tsaye yana turereniya. Kai kaɗai ka tsuguna, ka ɗora hannu a gwiwa, ka sunkuyar da kai. Ƙanena ya taɓa zaman gidan, da ya fito haka ya yi ta yi har shekara. Ina ganinka na ce wannan daga can yake."

Liman ya karɓa ya ce, "Da ka nemi aure kuma, ka ɗauka haka nan za mu ba baƙo 'yarmu? Ni na hau keke na tafi har garinku. Na ji komai, har launin san an gaya mini. Na dawo muka zauna a zauren nan, muka ce mun ga shekara huɗu na zamansa, abin da muka gani ya fi abin da muka ji. Muka yi alkawari babu mai tayar maka da maganar."

Mai mazarƙwaila ya ce, da wata irin murya, "Makullin fa? Kun sani kuka ba ni?"

Baba ya ce, "To da wa za mu ba? Kai kaɗai ne a garin nan ka san inda abin yake kai mutum."

Mai mazarƙwaila ya ce a hankali, "Don Allah kada iyalina su ji."

Ai kuwa sai ga murya daga bayan katangar zaure, inda mata suka taru suna saurare, ashe har da matarsa. Ta ce, "Malam, ni fa tun kafin a kai ni na sani!" Sai na ji muryar Hajiya a kan ta kowa tana cewa, "Ikon Allah! Ashe ni kaɗai aka mayar baƙuwa!" Gidan ya kaure da dariya ciki da waje.

Shi kuwa bawan Allah ya zauna daɓas a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu. Kuka yake, dariya yake, ban iya rabewa ba. Yana ta cewa, "Shekara ashirin da huɗu. Ko baƙuwar mota na gani a garin nan sai in ɗauka ni aka zo nema. Shekara ashirin da huɗu." Ni ma da nake taƙama gandiroba ne, ba a ganin hawayena, sai da na jawo hannun riga. Ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na wannan safiya ba.

Da aka natsu Baba ya dawo kaina. Ashe su abin da suka ɗauka shi ne na gane tsohon ɗaurarre na raina shi, na ga hannuna ya fi ƙarfin nasa. Abin ya ƙona musu rai, kuma ba su da bakin faɗa, tunda a gabansa suna nuna ba su san komai ba. Na ba su labarin tsohon saje da dokarsa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, "Dokar tana da kyau, Allah ya jiƙan mai ita in ya rasu. Amma kai da hankalinka, a layin mutum takwas? Wannan kan za ka kai majalisa?" Na ce shi ke gare ni, Baba, sai haƙuri.

Ya ce, "To tashi ka biya bashin gaisuwa. Daga farko, kada ka tsallake ko ɗaya, ina ji."

Na tashi na je gaban mutumin na durƙusa, na kama hannunsa da hannu biyu. Tafin duk kanta, ga ɗanƙon rake. Na tambayi kwanansa, na tambayi gajiya, iyali, yara ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini su nawa ne, aiki, rake, injin, har jakin da ke ɗauko masa kaya. Duk wadda na yi sai Baba ya ce saura. Da na rasa abin tambaya na ce, "Yaya bayan rabuwa?" Ya riƙe hannuna gam ya ce, "Yallaɓai, sai alheri. Wallahi sai alheri." Sannan ya ɗauki makullinsa ya mayar wuya.

Kwalin mazarƙwailar nan da aka mayar ciki ranar Laraba aka sake fito da shi, aka ƙara wani a kai. A mota Hajiya ta ɓare ɗaya tana ci har muka hau kwalta. Can ta ce, "Kwana uku ina tambayarka ka ƙi gaya mini." Na ce ba nawa ba ne. Ta ce, "Na sani. Da ka gaya mini da ka ragu a idona." Ta gutsuro ta miƙo mini a baki, ta ƙara da cewa wautar dai tana nan, ba ta janye ba.

Zaɓe ya zo na ci, akwatin garin ma na ci, kodayake Hajiya har gobe tana cewa ita ta ci shi. A majalisa duk lokacin da aka zo maganar waɗanda suka gama zaman gidan yari, a ba su kayan sana'a, a daina yi musu kallon hadarin kaji, nakan miƙe in yi ta faɗa har a ce lokacina ya ƙare. Dokar saje kuma ban yar da ita ba. Har yanzu akwai mutanen da nake wucewa a tasha kamar ban san su ba, sai dai yanzu ina duba inda nake tsaye kafin in yi.

Bayan zaɓe da 'yan watanni na shiga kasuwar Makarfi ranar da take ci, ana ta hada-hada wajen 'yan rake, ko ina mutane. Sai na ji wani yana kwaɗa kira daga saman wata motar kaya, da iyakar ƙarfinsa.

"Yallaɓai! Gandirobana!"

Rabin kasuwa ya waiwaya. Shi ne, a kan buhunan mazarƙwaila, yana ɗaga hannu biyu, makullin yana lilo a kan rigarsa. Ya diro kamar yaro, ya ratso mutane ya rungume ni. Wani dillali da ke tsaye kusa da mu ya dube shi ya ce, "Alhaji, a ina ka san Onarabul haka?" Na bar masa amsar, don ba ni aka tambaya ba. Shi kuwa ya dafa kafaɗata, ya dubi dillalin yana dariya ya ce, "A hannunsa na yi shekara uku. Matsa mana benci mu zauna, ka aika a kawo masa fura."